Manyan Masu Bincike a Ofis, Ɗalibai Masu Hadda a Aji: Ina Gizo Ke Saƙar?

Duk jami'ar da ke neman ɗalibai, abu uku take gabatarwa. Za ta jero kwasa-kwasan da take da su, daga likitanci har zuwa falsafa. Za ta ambaci manyan malamanta da binciken da suka yi suna a kansa. Sannan ta rufe da alkawarin cewa wanda ya shigo zai fita da ilimi. Yadda ake jera su, sai ka ɗauka ɗaya ne ke haifar da ɗaya: tunda kwas ya tsaru a takarda, kuma ga farfesoshin da duniya ta san da zamansu, ai dole ɗalibi ya koya. Iyaye sun yarda da wannan lissafi, gwamnatoci sun yarda, ɗaliban ma haka. Masu nazarin ilimin jami'a kuwa sun daɗe da gano cewa abubuwan nan uku ba sa haɗuwa da kansu. Inda ka ga sun haɗu, wani ne ya zauna ya haɗa su da gangan, kuma ya biya kuɗin haɗin.

A fara da kwas ɗin kansa. A yawancin jami'o'in duniya digiri tarin kiredit ne: ka ci wannan darasi ka samu uku, ka ci wancan ka samu biyu, in sun kai adadin da aka ƙayyade a ba ka takarda. Mun saba da tsarin har muna ganin kamar da shi aka fara jami'a, alhali jami'ar Bologna da ke Italiya ta yi kusan shekara 800 tana koyarwa kafin a san shi. Charles Eliot, wanda ya shugabanci Harvard daga 1869 zuwa 1909, shi ne ya fi kowa dagewa a kan a bar ɗalibi ya zaɓi darussan da yake so maimakon kowa ya bi layi ɗaya. To da zarar an ba da zaɓi, dole a nemo ma'aunin da zai nuna cewa wanda ya ɗauki tarihi da wanda ya ɗauki lissafi sun yi aiki daidai wa daida. Ma'aunin da ya fi sauƙin samu shi ne agogo. A 1906 Gidauniyar Carnegie ta fito da nata ma'aunin na awoyin zama a aji, kuma ba don auna ilimi ta yi shi ba. Fansho take shirya wa malaman jami'a, tana neman hanyar tantance makarantun da suka cancanci shiga tsarin, sai ta gindaya sharaɗi a kan yawan awoyin da ɗaliban da suke ɗauka suka yi a sakandare. Lissafin awa ya samu gindin zama, ya shiga jami'o'in kansu. Har yau a Amurka kiredit ɗaya na nufin awa guda a aji da kimanin awa biyu na karatu a waje kowane mako tsawon zango, kuma digiri na farko yakan ci kiredit 120.

Turai ta biyo wata hanya ta iso kusan wuri ɗaya. A 1999 ministocin ilimi na ƙasashe 29 suka sa hannu a kan yarjejeniyar Bologna domin digirin wannan ƙasa ya yi daidai da na waccan. A ma'aunin da suka runguma, shekarar karatu kiredit 60 ce, kowane kiredit kuma awa 25 zuwa 30 na aikin ɗalibi, a aji da wajen aji.

Tsarin yana da amfaninsa, kada a raina shi. Da shi ne ɗalibi zai bar wata jami'a ya koma wata ba tare da ya sake daga farko ba, da shi ne ma'aikaci zai yi digiri kaɗan-kaɗan. Amma lokaci yake ƙirgawa, kuma ko lokacin ma zato ne. Wasu masana tattalin arziki biyu, Philip Babcock da Mindy Marks, sun bi diddigin yadda ɗaliban Amurka ke kashe lokacinsu, suka samu cewa a 1961 ɗalibi na cikakken lokaci yana ba karatu kimanin awa 40 a mako, amma zuwa 2003 abin ya sauko kusan awa 27. Kiredit ɗin da ake bayarwa bai ragu ba ko da ɗaya. Akwai kuma illar da ba a cika faɗa ba: yanka digiri gunduwa-gunduwa yana koya wa ɗalibi cewa kowane darasi yana da ranar mutuwarsa, wato ranar jarrabawa. Wanda ya ci ƙididdiga a shekarar farko, in ya zo shekarar ƙarshe yana buƙatarta a aikinsa, sai ka tarar kamar bai taɓa jin sunanta ba. A takarda kuwa ya cika sharaɗi.

Shi ya sa yawan kwasa-kwasai ba ya burge ni. Buɗe sabon kwas abu ne mai arha idan abin da ake nufi shi ne a kwaso tsofaffin darussa daga sassa uku, a ƙara biyu, a raɗa musu sunan da kasuwa ke yayi. Hukumomin da ke tantance kwasa-kwasai ma, abin da ke ƙirguwa suka fi dubawa: malamai nawa, masu digirin digirgir nawa, littattafai nawa, kayan aiki nawa. Duk waɗannan wajibi ne, sai dai ba su gaya maka abin da ke faruwa tsakanin ƙarfe goma da sha biyu a cikin ɗakin lacca.

Batun bincike ya fi wannan zurfi. Tunanin cewa malamin jami'a dole ya zama mai bincike yana da mafari sananne. Lokacin da ake shirin buɗe jami'ar Berlin a 1810, Wilhelm von Humboldt ya rubuta cewa abin da ya raba jami'a da makarantar ƙasa da ita shi ne, ita makaranta tana koyar da ilimin da aka gama tantancewa, jami'a kuwa tana ɗaukar ilimi a matsayin matsalar da ba a gama warwarewa ba. Ya ƙara da cewa a jami'a malami ba don ɗalibi yake ba, su biyun duka don ilimi suke. Wanda ya nuna yadda wannan magana take a aikace shi ne Justus Liebig, wanda aka ba shi kujerar koyar da kimiyyar sinadarai a jami'ar Giessen ta Jamus a 1824 yana ɗan shekara 21. A zamanin, ɗalibin sinadarai yakan zauna ne ya kalli farfesa yana haɗa abubuwa a gaban aji. Liebig ya sa ɗalibansa a bakin teburin gwaji tun safe har yamma. Sabon zuwa zai fara da koyon tantance abin da ke cikin sinadarin da aka miƙa masa, in hannunsa ya faɗa sai a ba shi wata ƙaramar tambaya daga cikin manyan tambayoyin da shi Liebig ke bi, malam kuma yana zagayawa teburi-teburi yana tambayar kowa inda ya tsaya. Ɗalibai suka yi ta zuwa daga Ingila da Amurka da Rasha, suka koma gida suka kafa irin wannan ɗaki. Jami'ar Johns Hopkins da aka buɗe a Baltimore a 1876 a kan wannan tsari na Jamus aka gina ta, daga nan ya mamaye Amurka, daga baya duniya.

Abin lura shi ne, ɗakin Liebig na mutum gommai ne, kuma malamin ya san kowa da abin da yake yi. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa ɗaliban manyan makarantu a duniya sun kai kimanin miliyan 100 a shekarar 2000, zuwa 2020 sun haura miliyan 230. An riƙe aƙidar Humboldt a bakin magana, amma yanayin da ya sa ta yi aiki ya tafi. Farfesa yana bincikensa tare da ɗaliban digirin digirgir biyu ko uku, sannan ya shiga ɗakin da ke ɗauke da mutum ɗari huɗu ya karanta musu abin da ke cikin littafi.

A 1996 John Hattie da Herbert Marsh suka tattara nazarce-nazarce 58 da aka yi a kan tambaya guda: shin malamin da ya fi yawan bincike ya fi iya koyarwa? A ma'aunin alaƙa da suka yi amfani da shi, sifili na nufin babu alaƙa, ɗaya kuma alaƙa cikakkiya. Abin da suka samu shi ne 0.06. Kusan babu. Mutane sukan yi wa wannan sakamako gurguwar fahimta, su ce ashe bincike yana ɓata koyarwa. Ba haka ya ce ba. Cewa ya yi in ka san yawan maƙalun da malami ya wallafa, ba ka san komai ba game da yadda ajinsa yake. Akwai gwanin bincike gwanin koyarwa, akwai gwanin bincike da ɗalibai ke fita ajinsa da ciwon kai, akwai wanda bai wallafa abin kirki ba amma ɗalibansa ba sa mantawa da shi. Su kansu marubutan biyu abin da suka kammala da shi shi ne, in jami'a tana son alaƙar ta samu, sai ta ƙulla ta da hannunta.

Dalilin rashin alaƙar ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san yadda ake ƙarin girma a jami'a. Maƙala a mujallar ilimi tana ƙirguwa, tana ɗauke da sunan mai ita, kuma in ya sauya wurin aiki da ita zai tafi. Awa ukun da ya kashe yana gyara rubutun ɗalibi babu inda ake rubuta ta. Matashin malami mai hankali ba ya buƙatar a gaya masa inda zai zuba ƙarfinsa. Jadawalin jami'o'in duniya ya ƙara wa abin gishiri. Wanda jami'ar Jiao Tong ta Shanghai ta fara fitarwa a 2003 yana duba masu lambar Nobel da lambar Fields ta lissafi a cikin malamai da tsofaffin ɗalibai, da masu binciken da aka fi ambaton aikinsu, da yawan maƙalu a manyan mujallu. Babu ma'auni ko ɗaya a cikinsa da ya leƙa cikin aji. Ba laifin masu jadawalin ba ne, sun faɗi abin da suke aunawa. Laifin na wanda ya ɗauki jadawalin bincike ya zaɓa wa ɗan shekara sha takwas makaranta da shi ne. Akwai kuma wani abu na ɗabi'ar ɗan Adam: wanda ya yi shekara ashirin a cikin fanni yakan manta wuraren da suka ba shi wuya a farko, sai ya tsallake matakai uku yana cewa "wannan ai a fili yake", ɗalibai kuma su gyaɗa kai don kunya.

To me ke sa ɗalibi ya koya? A nan an yi sa'a, domin an tara hujjoji masu yawa. Labarin Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, ya shahara a tsakanin masu wannan fanni. Ɗalibansa suna yabon laccarsa, suna cin jarrabawa. Wajen 1990 ya ba su wani gwaji mai sauƙin gani, wanda babu dogon lissafi a cikinsa, tambayoyi ne irin su: in babbar mota ta yi karo da ƙarama, wacce ta fi dukan 'yar'uwarta da ƙarfi? Ana cikin gwajin wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye shi, shin ta amsa yadda ya koya musu ne ko yadda ita take ganin abin? A nan ya gane cewa ɗalibansa sun haddace dokokin Newton suna warware lissafi da su, amma tunaninsu na asali yana nan inda yake, bai motsa ba. Sai ya sauya salo. Ɗalibai su karanto darasi daga gida. A aji ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta saɓa ya yi ƙoƙarin shawo kansa, bayan 'yan mintoci a sake zaɓe. Yawanci masu amsa daidai sukan ƙaru a zagaye na biyu, domin ɗalibin da ya fahimci abu minti biyar da suka wuce ya fi farfesa sanin inda abokinsa ya maƙale.

A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka haɗa nazari 225 daga fannonin kimiyya, injiniyanci da lissafi. A azuzuwan da malami ke magana ɗalibai na saurare, kimanin kashi 34 cikin ɗari ne ke faɗuwa. A waɗanda ake sa ɗalibai aiki a cikin aji, kimanin kashi 22 ne. Amma binciken da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda Louis Deslauriers da abokansa suka yi a Harvard a 2019. An raba ɗalibai gida biyu, darasi ɗaya, wasu aka yi musu lacca mai daɗin ji daga gwanin malami, wasu aka sa su kokawa da tambayoyi kafin a yi musu bayani. Da aka gwada su, masu kokawar sun fi samun maki. Da aka tambaye su yadda suka ji, 'yan lacca ne suka ce sun fi koyo. Wato jin cewa ka fahimta daban, fahimtar daban. Mai kallon gwanin iyo daga bakin ruwa gani yake abin ba wuya. Haka Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka samu a 2006: waɗanda suka yi ta maimaita karanta wani rubutu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda kashi 40 suka iya kawowa, waɗanda kuwa suka karanta a zama ɗaya suka yi ta gwada kansu sun kawo kashi 61.

Wannan yana da illa ga jami'o'in da ke auna malami da takardar ra'ayin ɗalibai a ƙarshen zango. Malamin da ya wahalar da su ta hanyar da za ta amfane su yana iya shan ƙasa a hannun wanda ya nishaɗantar da su.

In aka dubi waɗannan hujjoji da kyau, za a ga inda bincike yake shigowa. Abin da ke koyar da mutum shi ne ya yi fama da tambaya da kansa, ya yi kuskure, wani ya nuna masa. Bincike kuwa ba komai ba ne illa wannan, da ƙarin cewa amsar ba ta bayan littafi. Saboda haka amfanin bincike ga ɗalibi ba ya zuwa ta hanyar zama a ajin mai bincike. Sai an sa hannunsa a ciki.

Misalin Thomas Herndon ya isa a tsaya a kansa. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu na Harvard, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da maƙala da ke nuna cewa ƙasar da bashinta ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara, bunƙasarta takan durƙushe. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da ita wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. Herndon ɗalibi ne mai neman babban digiri a jami'ar Massachusetts da ke Amherst, aka ba ajinsu aikin gida: kowa ya zaɓi wata maƙala da aka wallafa ya sake lissafinta ya ga ko zai samu abin da aka samu. Ya zaɓi wannan. Ya yi, bai fito ba. Ya sake, bai fito ba. Malamansa, Michael Ash da Robert Pollin, da farko sun ɗauka shi ne ke kuskure, kamar yadda kowane malami zai ɗauka, amma ba su ce ya bar ta ya nemi mai sauƙi ba. A ƙarshe ya rubuta wa marubutan, su kuma suka aiko masa da ainihin jadawalinsu na Excel. Da ya buɗe sai ya ga wurin da aka ja layin lissafin matsakaici bai kai ƙasa ba, an bar ƙasashe biyar a waje: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Ban da wannan akwai wasu shekarun da aka cire da kuma salon auna nauyin ƙasashe da su ukun suka ƙalubalanta. Da suka gyara a 2013, bunƙasar da aka ce ta faɗi ƙasa da sifili ta koma kashi 2.2. Muhawarar bashi ba ta ƙare a nan ba, masana na ci gaba da ja-in-ja. Abin da ya shafe mu shi ne, aikin bai buƙaci na'ura mai tsada ba. Ya buƙaci malamin da ya ba da aikin da ba a san ƙarshensa ba, da haƙurin sauraren ɗalibin da ya dawo yana cewa lissafin manya bai fito ba.

Wasu jami'o'in sun mayar da abin tsari. A 1969 Margaret MacVicar ta kafa shirin UROP a jami'ar MIT ta Amurka, inda ɗalibin digiri na farko ke shiga aikin binciken malami, a ba shi kiredit ko a biya shi. Yanzu kusan tara cikin goma na ɗaliban makarantar suna shiga kafin su gama. A 1969 ɗin ne kuma makarantar likitanci ta McMaster a Kanada ta fara koyarwa ta hanyar ba ƙananan rukunai labarin majiyyaci su nemo abin da ya kamata su sani a kansa, maimakon shekara biyu ta lacca kafin a ga mara lafiya. Sai dai tsarin ɗalibi ɗaya a gefen malami ɗaya yana da iyaka. A jami'ar da ba ta da kuɗin MIT, gurabe kaɗan ne, kuma wa ke samunsu? Mai baki, wanda ya san ana ƙwanƙwasa ƙofar farfesa, wanda ba ya gaggawar fita neman abin biyan kuɗin makaranta. Wannan ma yana rikita hujjar masu cewa bincike na gyara ɗalibi, domin sau da yawa waɗanda aka zaɓa ɗin da ma su ne za su yi fice.

Maganin da aka samo shi ne a shigar da binciken cikin darasi na kowa da kowa. Cibiyar Howard Hughes ta Amurka, tare da Graham Hatfull na jami'ar Pittsburgh, sun fara wani shiri a 2008 wanda 'yan shekarar farko ke yi. Kowane ɗalibi zai ɗebo ƙasa daga inda ya ga dama, ya tace, ya zuba a faranti mai ɗauke da bakteriya, ya jira. In ya ga wasu 'yan ɗigo sun washe a farantin, to ya kamo ƙwayar bairos mai kashe bakteriya. Irin waɗannan ƙwayoyi sun yi yawan da kusan duk wadda aka kamo sabuwa ce ga kimiyya, don haka ɗalibin ne zai raɗa mata suna, a zango na biyu kuma ajin ya zauna ya tantance ƙwayoyin halittarta a kwamfuta. Wani farantin ba ya nuna komai, sai a sake, kuma wannan ma darasi ne da lacca ba ta iya bayarwa. Dubban ƙwayoyin da aka tara suna ajiye a Pittsburgh. A 2019 aka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 15 a Landan da aka yi wa dashen huhu, wata bakteriya da ta gagari magunguna ta kama ta. Daga wannan ma'ajiya aka zaɓo ƙwayoyi uku aka yi mata magani da su, ta kuma samu sauƙi sosai a lokacin. Ɗaya daga cikinsu wata ɗaliba ce a Durban ta Afirka ta Kudu ta samo ta daga jikin ruɓaɓɓen gauta, a wani horo irin wannan. Ba kimiyya kaɗai ke da wannan dama ba. Ajin tarihi zai iya karanta takardun da ba a taɓa nazarinsu ba, ajin harshe ya naɗi maganar mutane ya tantance, ajin tattalin arziki ya yi abin da Herndon ya yi.

Wani zai ce ai yawancin jami'o'i suna da kundin bincike na shekarar ƙarshe. Suna da shi, kuma a wurare da yawa ya zama al'ada kawai. Ɗalibin da bai taɓa tsara tambaya ba tsawon shekara uku, rana ɗaya a ce ya kawo babi biyar. Malamin da ke duba shi yana da irinsa ashirin ko talatin. Sai a samu take mai faɗin da ba ya bincikuwa, babi na biyu kwafe-kwafe, takardar tambayoyi da abokai suka cike, da shawarwari ga gwamnati a ƙarshe. An yi wa kundi bango mai kyau, an ajiye, babu mai sake buɗewa. Ɗalibin ya fita da yaƙinin cewa bincike wani nau'in cike fom ne, wanda ya fi rashin yinsa muni.

Ko inda binciken na gaske ne, akwai wata matsalar. Ɗalibi na iya shekara yana wanke kwalabe ko shigar da alƙaluma ba tare da an taɓa gaya masa tambayar da ake bi ba. In kuma ya yi abin kirki, sunan wa za a sa? Charles Best bai daɗe da gama digirinsa na farko ba lokacin da ya yi aikin gano insulin, maganin ciwon sukari, tare da Frederick Banting a Toronto a 1921. Lambar Nobel ta 1923 ta tafi ga Banting da shugaban sashen, John Macleod, abin da ya fusata Banting har ya raba kuɗinsa biyu ya ba Best rabi. Jocelyn Bell tana ɗalibar digirin digirgir a Cambridge a 1967 ta lura da wata 'yar alama a dogayen takardun na'urar sauraren sararin samaniya, ta nace a kanta, aka gano wani sabon nau'in tauraro. Nobel ta 1974 ta tafi ga malaminta Antony Hewish da Martin Ryle. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗannan an san su ne don abin ya yi girma. Jami'ar da ke gayyatar ɗalibai bincike ba tare da rubutacciyar ƙa'ida a kan sa suna a maƙala da hanyar kai ƙara ba, ta bar mai rauni a hannun wanda makinsa da takardar shaidarsa ke wurinsa.

Duk hanyoyin da suka yi aiki, daga ɗakin Liebig zuwa darasin ƙasa da faranti, abu ɗaya suke ci: lokacin wanda ya sani, yana duban aikin wanda bai sani ba. Oxford da Cambridge sun riƙe tsarin da ɗalibi ɗaya zuwa uku ke zama da malami kowane mako a tattauna abin da suka rubuta, kuma kowa ya san dukiyar da ke ɗauke da wannan. Malamin da ke da ɗalibai 300, in zai ba rubutun kowanne minti goma kacal, awa 50 ke nan a kan aiki guda, fiye da makon aiki cur, ga lacca, ga taron sashe, ga maƙalar da ƙarin girmansa ya rataya a kanta. Dalilin da ya sa jarrabawar zaɓi-ɗaya da hadda suka yi yawa ke nan, ba lalaci ba ne kawai. Dabarun irin na Mazur suna rage nauyin ta hanyar sa ɗalibai su gyara wa juna, manyan ɗalibai kuma su taimaka wa ƙanana, amma ba su kawar da shi.

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 lissafin ya ƙara tsananta. Rubutun gida da kundin shekarar ƙarshe, waɗanda da ma su ne 'yar shaidar da ta rage cewa ɗalibi ya yi tunani, yanzu na'ura na iya fitar da mai kama da su cikin mintoci, kuma manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura suna kuskure ta ɓangarorin biyu, su wanke mai laifi su kama marar laifi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: aikin da na'ura ta fi saurin kwaikwaya shi ne wanda da ma babu mai karanta shi da kyau. Jami'o'i da dama sun fara komawa ga jarrabawar cikin aji da ta baka, inda za a zaunar da ɗalibi a ce ya bayyana dalilin da ya sa ya zaɓi wannan hanya ya bar waccan, ko a canza masa lamba ɗaya a ga abin da zai yi. Wanda ya ɗebo ƙasarsa da hannunsa, farantinsa ya ƙi nuna komai sau biyu kafin ya nuna, zai amsa irin wannan tambaya ba tare da ya daburce ba. Amma jarrabawar baka ta minti goma sha biyar ga ɗalibai 300 awa 75 ce, kuma ana so malamai biyu su zauna domin adalci. Jami'ar da ta zaɓi wannan hanya sai ta ɗauki ƙarin malamai, ko ta rage ɗalibai, ko ta rage yawan maƙalun da take nema daga malamanta kafin ƙarin girma, kuma kowanne daga cikin ukun akwai wanda zai tashi a majalisar jami'a ya ce bai yarda ba.